Hawan Dutsen Mambila a Kan Babur da Farkon Damina

Galibin 'yan makarantar da za su karanta wannan shafi 'ya'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Yaron da ya tashi a Kano, in an ce masa dutse, Dala yake tunawa, wanda ake hawa a sauko tun tuwo bai huce ba. In kuwa an ce masa damina ta faɗi, abin da ke zuwa ransa shuka ne da ƙamshin ƙasa. To, akwai wuri a cikin ƙasarmu inda mutum zai yi ta hawa har ya ga gajimare a ƙarƙashinsa, inda kuma faɗuwar damina takan canja hanya sarai tsakanin hantsi da la'asar. Labarin wannan wuri nake so in ba ku, da yadda ake bin hanyoyinsa a kan babur a makonnin farko na ruwa, domin na bi su da kaina cikin hutun watan Afrilu na 2022, sa'ad da na kai ziyara wurin wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare.

Mambila tana cikin Jihar Taraba, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, wadda babban garinta Gembu. Tudu ne mai faɗi, bisansa kimanin mita 1,600 daga bakin teku, ya jingina da iyakar Kamaru. Kusa da shi ne dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu inda ya fi shi bisa duk Nijeriya. Dā ƙasar tana hannun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka danƙa ta ga Ingila riƙon amana, sai a 1961 mutanen wannan yanki suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Mai zuwa daga Jalingo yakan bi ta Bali, ya wuce Serti, ya isa Mayo Selbe, wadda take gindin dutsen. Daga nan hawa ya fara.

Hanyar kan dutse hali uku gare ta a shekara. Da rani ƙura ce da gargada, tana wahal da ƙashin baya, amma ba ta ruɗin kowa. Da tsakiyar damina taɓo ne, kowa ya sani, wanda ba shi da larura sai ya zauna gida. Na ukun shi ne farkon damina, daga ƙarshen Maris zuwa cikin Afrilu, shi ne kuwa mafi daɗi, shi ne kuma mafi hatsari. Ƙura ta kwanta, iska ta wanku, ciyawar da aka ƙone da rani ta tsiro shar, hanya ta yi tauri kamar daɓe. Mai babur ya ga haka sai ransa ya ba shi ya buɗe wuta, alhali hanyar da ya taka da ƙarfe 9 na safe ba ita ce zai tarar da ƙarfe 3 na yamma ba. A ƙasashen Turai ma akwai irin wannan lokaci, sai dai su ƙanƙara ce ke rufe musu hanya. Akwai wata mashiga a duwatsun Italiya da ake kira Stelvio, mai mita 2,757, takan kwana rufe duk lokacin sanyi, ba a buɗe ta sai wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, masu babura su yi ta ɗokin ranar. Su don nishaɗi suke hawa. Mutanen Mambila kuwa sha'aninsu daban ne, zan zo kansa.

Na bar Mayo Selbe da sassafe, gumi na keto mini tun rana ba ta yi zafi ba. Wannan ɓangare kwalta ne, amma kwana ce bisa kwana, dutse ta hannu ɗaya, rami ta ɗayan, wanda in ka leƙa sai ka ga manyan itatuwa sun koma kamar dashen tumatir. Akwai wani hawa da mutanen wurin ke kira Biyu da Sisi, watau da sunan kuɗin dā, sule biyu da sisi. Ruwan da aka yi daren jiya ya gangaro da tsakuwa da yashi ya zuba daidai kan kwana, nan kuwa ne taya take neman abin kamawa. Saboda haka ba a shiga kwana da gudu, ba a kuma shiga sai an yi oda, gama babbar mota mai saukowa takan ci rabin hannunka.

Ina cikin hawa sai na ji babur ɗin yana nauyi, na murɗa totur ba ya amsawa yadda ya saba. Ba lalacewa ya yi ba, darasin da muke koya muku ne a aji ya fito fili. Inji yana ƙona mai ne tare da iska, iska kuwa tana raguwar kauri gwargwadon yadda aka yi sama. A bisan mita 1,600 nauyinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, don haka abin da injin ke shaƙa bai kai na ƙasa ba, mai ya yi masa yawa, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi. Maganinsa a koma ƙaramar giya a yi haƙuri. Wannan dalili dai shi ke sa ruwa ya tafasa a can kafin ya kai zafin da yake kaiwa a Legas, wajen digiri 95 maimakon 100. Sanyi kuma yakan ƙaru da misalin digiri 6 duk mita 1,000 da aka hau. Kafin in kai Maisamari na tsaya na ciro rigar sanyi, yatsuna sun ƙage a kan kambun burki.

Abin da ido ke gani a bisa, gani ya kori ji. Tuddai ne koraye suna bin juna har iyakar gani, babu ƙaya, babu kurmi sai a cikin kwari, ga layukan itacen turare da aka dasa kewaye da garuruwa, ga gonakin shayi na Kakara, ga shanu sun bazu ko'ina, domin ƙudan tsando bai cika samun zama a wannan sanyi ba. Harshen kasuwa Fulatanci ne, ko da yake Hausa ma tana fid da mutum. Kalmar mayo da za ku ji a sunayen garuruwa, kogi ke nan da Fulatanci, mai babur kuwa ya kamata ya riƙe wannan, don duk inda ya ji mayo to akwai ruwan da zai ƙetare.

Na kwana a Nguroje. Makarantar abokina tana wani ƙauye ne can wajen iyaka, babu kwalta ko taƙi. Aka haɗa ni da wani dattijo ɗan acaba wanda zai kai buhun gishiri da jarkar kananzir can, aka ce in bi bayansa. Na gaishe shi, ya dubi tayoyina, ya matsa su da babban yatsa, ya ce in rage iska kaɗan don su ƙara kama ƙasa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Ya ce, “Malam, ka karya kumallo?”

Na ce, “Tukuna, Baba, yanzu nake shirin neman mai shayi.”

Ya ce, “Sa burodin a aljihu, ka ci a gaba. Nan da safe ake tafiya. In azahar ta same mu a hanya, to, sai yadda Allah ya yi da mu.”

Dalilinsa kuwa shi ne, a farkon damina ruwan dutse galibi da yamma yake zuwa. Rana takan dafa kwari da safe, tururi ya hau, hadari ya haɗu bayan azahar. Wanda ya fita da asuba yana da sa'o'i shida ko bakwai na busasshiyar hanya. Wanda ya tsaya hira ya ci daga cikinsu.

Jar ƙasar wurin yumɓu ce. In ruwa ya taɓa ta, samanta kaɗai ke jiƙa, ƙarƙashi yana nan da taurinsa, sai ta zama kamar an shafa miyar kuɓewa a kan faranti. Yayyafi ma ya fi ruwa mai ƙarfi mugunta ta wannan fuska, don mai ƙarfi yakan wanke santsin, shi kuwa yayyafi kwaɓa shi yake yi. Mun sami irin wannan a wani gangare inda inuwa ta hana ruwan jiya bushewa. Na lura da dattijon nan: bai taɓa burkin gaba ba, bai kama kuloci ba, ya sa giya ta ɗaya ya sauke ƙafafu biyu, ya bar injin yana riƙe babur ɗin. Bai kuma bi tsakiyar hanya inda ta yi sumul tana ƙyalli ba, sai gefe inda ciyawa da tsakuwa suke. Haka na yi. Bayan wannan muka tsaya sau biyu muna ƙwaƙule laka da tsinke daga tsakanin taya da murfinta, domin in ta cushe wurin, taya sai ta ƙi juyawa ɗungum. Ga kuma turakun shanu da suka ratsa hanya, waɗanda ruwan farko ya zaizaye suka zama ramuka, sabuwar ciyawa ta rufe bakinsu. Hanyar da mutum ya haddace bara, bana sai ya sake koyonta.

Wajen ƙarfe 11 muka iso wani rafi da ba gada. Faɗinsa bai fi taku goma sha biyu ba, ni a ganina abin a kutsa ne a wuce. Dattijo ya kashe babur, ya naɗe wando, ya shiga da ƙafa yana taɓa ƙasa da sanda. Ya nuna mini cewa ruwan ya yi ja, yana ɗauke da ganye da karare, alamar an yi ruwa a can bisa ko da mu ba mu ga ɗigo ba. Ya kafa tsinke a bakin ruwan, muka zauna na ci burodina. Rafin dutse da saurin cika yake, da saurin janyewa. Bayan kamar rabin sa'a ruwa ya bar tsinken da tazarar tafin hannu, sa'an nan muka tura baburan ɗaya bayan ɗaya, muna kiyaye kada ruwa ya kai inda inji ke shan iska, don in ya sha ruwa tafiya ta ƙare.

Muna ƙetarewa sai ga wani babur daga ɗaya gefen, saurayi ke tuƙi, bayansa mace ta rungume yaro a cikin bargo, zazzaɓi ya sa shi yana fizge-fizge, asibitin Gembu za su. Ba su da rabin sa'ar da za su zauna kallon tsinke. Dattijo bai ce uffan ba, ya karɓi yaron ya ɗora a kafaɗa ya ƙetare da shi, ni da saurayin muka ɗago babur, uwar ta bi mu tana riƙe da rigata. Da suka hau, dattijo ya ce wa saurayin, “Ɗana, gangaren nan na gaba da santsi, ka sauke ta ta taka da ƙafa.” Suka tafi. Wannan ne abin da na ce zan zo kansa. A ƙauyukan nan babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, a kansa takardun jarrabawa suke zuwa ƙunshe cikin leda. Makonnin nan na farkon damina su ne damar ƙarshe ta shigo da taki da gishiri da kwanon rufi kafin hanya ta gagari manyan motoci. Ni a ra'ayina, duk mai maganar gyaran ilmi ko lafiya a wannan yanki, in bai fara da kwalbati da ƙananan gadoji ba, bai taɓa zama a bakin rafi da mara lafiya ba.

Mun isa ƙauyen ana kiran azahar. Ba mu gama alwala ba gari ya rufe, gajimare ya sauko har ba ka ganin itacen da ke tsakar makaranta, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kwana uku na yi, kullum haka.

Saura magana guda, ita ce saukowa, wadda ta fi hawa wuya. Samari da yawa sukan kashe inji su saki babur ya gangara don tsimin mai. Mai yin haka ya ɗora nauyin duka a kan burki, burki kuwa in ya daɗe yana gugar ƙarfe sai ya yi zafi, in ya yi zafi sai ya daina kamawa, ka taka ka ji wayam, ga kwana a gabanka. Man da aka tsimta bai kai cikin kofin shayi ba. Ƙa'idar direbobin dutse ita ce, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Haka na sauko ran Asabar da safe, na tsaya sau biyu burki ya huce, kunnuwana suna toshewa suna buɗewa saboda canjin nauyin iska. A tsaiwa ta biyu na tuɓe rigar sanyi na ɗaure a baya. Da na iso Mayo Selbe na tarar ana sayar da mangwaro a bakin hanya, mutane suna fifita a gindin itace, babur ɗin kuma ya dawo da ƙarfinsa kamar an canja masa inji.