Mai Goge Da Aljanar Fadama: Abin Da Ya Sa Na Rubuta Shi

Tun da littafina na ban tsoro ya shiga kasuwa wasiƙu suke ta zuwa, wasu na yabo, wasu na cewa mai rubuta soyayya me ya kai ta ga aljanu. To ga amsata.

Labarin na wani mai goge ne a wani ƙauye tsakanin Rabah da Wurno, wanda ya yi alƙawari da aljana a fadama don sunansa ya kai Sakkwato, ita kuma ta ce sai dai ya biya ta da muryar ɗiyarsa. Ƙage ne daga farko har ƙarshe. Amma irinsa muka taso muna ji. A ƙasarmu kowa ya san kiɗan bori da goge da garaya da ƙwarya ake yinsa, kuma kowane iska da nasa take: Sarkin Rafi daban, Ɗan Galadima daban, Inna daban. Shi ya sa in makaɗi ya yi fice sai a ce ba shi kaɗai ba ne. Marigayi Mamman Shata ma, wanda ya rasu a 1999, bai tsira daga wannan jita-jita ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka an yi wani baƙar fata mai kaɗa gita, Robert Johnson, da aka ce ya sayar wa Shaiɗan ransa a mararraba da tsakar dare. Waƙoƙi 29 kacal ya bari a faifai, ya mutu a 1938 yana da shekara 27, kuma manyan makaɗan rok sun yi ta maimaita waƙoƙinsa. A 1985 wata marubuciya, Anne Rice, ta fitar da The Vampire Lestat, inda mai shan jini ya zama tauraron rok. Tatsuniyar ɗaya ce, kayan kiɗan ne suka bambanta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ƙawata ta sakandare, ɗiyar mai goge. Yarinya mai natsuwa, ga karatun Alƙur'ani, amma a ɗakin kwana ba mai yarda ta ci kwano ɗaya da ita. Da aka zo maganar aurenta, gwaggon yaron ta ce, "Wagga ɗiya gidan iskoki ta fito, mu ba mu iyawa." Auren ya watse. Ni kuwa na sha zuwa gidansu, ban ga komai ba sai dattijo da yatsunsa suka yi kanta saboda shekara da shekaru yana murza tsirkiya, tun yana yaro a gaban ubansa. Wahalar da ba mu gani ba ita muke kira aljani.

Ban musa akwai aljanu ba, Allah Ya saukar da sura guda da sunansu. Amma aibata bawan Allah ba da hujja ba zunubi ne. Shi ya sa a littafin abin tsoro na gaske shi ne uban da kwaɗayin suna ya sa ya ba da ɗiyarsa, da mutanen gari da suka guje ta alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Don haka ƙannena, ku karanta, tsikar jikinku ta tashi, ku yi addu'ar kwanciya barci. In gari ya waye kuma, a duba ajinku: wace ce ke cin abincinta ita kaɗai? Ku matsa kusa da ita. Allah Ya tsare mu da sharrin mutum da aljan, amin.