Lambun Ƙauye a Ingila Lokacin Zafi

A ƙauyukan Ingila, lambun bayan gida wurin hutawa ne kafin ya zama wurin noma. Ana shuka ciyawa a riƙa aske ta, a jera furanni, a kewaye da shingen itatuwa. Zafinsu yana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, ƙasa shar da ganye, rana kuma kan wuce ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba. Saboda sun sha dogon hunturu, mutane kan fitar da kujeru su zauna tsakiyar rana. A ƙasar Hausa kuwa bazara tana iske gona a bushe ƙarau, mai hankali inuwar darbejiya ko ta mangwaro yake nema, lambun fadama kuma na tumatir ne da albasa da tattasai.

Zafin na Ingila ya fara wuce wasa. A ranar 19 ga Yuli, 2022, ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. In fari ya tsananta, kamfanonin ruwa kan hana ban ruwa da tiyo, wanda ya saɓa ana iya cin shi tarar da ta kai fam 1,000. Sai a bar ciyawa ta ƙone, a koma ga ruwan saman da aka tara a durom domin furanni.

Inda bambancin Ingila da ƙasar Hausa ya fi fitowa shi ne wajen namun dawa. Mai lambu a can baƙi yake ɗaukar su. Yana ajiye wa tsuntsaye kasko na ruwa su sha su yi wanka, yana barin ruwa a faranti marar zurfi domin bushiya, wadda yawanta ya ragu sosai a karkarar ƙasar. Har ƙofa ake huda mata a gindin shinge, santimita 13, don ta ratsa zuwa gidan maƙwabci da dare. Ƙungiyar RSPB, da aka kafa a 1889 domin kare tsuntsaye, tana ƙarfafa irin wannan kula.

Manomin gero a ƙasar Hausa ba zai iya kallon kowane tsuntsu haka ba, kuma ba rashin tausayi ba ne: jan baki na iya cinye wahalar shekara cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa yara ke wuni suna kora. Amma shi ma yana da nasa baƙin. Ba a taɓa shamuwa in ta yi sheƙa a itacen gari, domin ita ce mai albishir da damina, kuma shayar da dabba mai ƙishi sadaka ce da kowa ya sani.

Wasu ƙananan tsuntsayen da ke kuka a shingen Ingila a watan Yuni, a yankin Sahel suke cin rani. Dausayin Hadejia zuwa Nguru yana cikin wuraren da tsuntsayen Turai ke sauka, saboda haka fari a nan yakan rage yawan masu komawa can.