Kyamarar da Ba Wanda Ke Ganin Hotonta

Akwai wata 'yar kyamara maƙale a saman allon kwamfutata, amma hoton da take ɗauka bai taɓa fita daga ɗakina ba. Masu kallona a YouTube ba ni suke gani ba, Gizo suke gani: zane mai manyan idanu da jar dara, wanda in na buɗe baki ya buɗe, in na ƙifta ya ƙifta, in na karkata kai ya karkata. Aikin kyamarar shi ne ta karanta fuskata ta miƙa wa manhaja, ita kuma manhaja ta motsa zanen. Duk wata shawara kan kyamarar da mai fuskar aro zai saya, daga nan ta samo asali.

Bari in fara da abin da ya fi yi mini nauyi a baki. Ni malamin firamare ne a Unguwar Mu'azu, nan Kaduna, ina da mata da 'ya'ya, kuma tun ina yaro babu abin da nake so irin tatsuniya. To amma a wurinmu tatsuniya ta kakanni mata ce, da dare, a tsakar gida. Ƙaton magidanci mai gemu ya zauna gaban duniya yana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, gobe da safe kuma ya tsaya gaban aji yana cewa a yi shiru? Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa kamun kai ne ya hana ni. Gaskiyar magana, majalisar bakin titi nake tsoro, da yadda ake furta "ɗan TikTok" ana taɓe baki.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Kaduna Polytechnic, can Tudun Wada, shi ya nuna mini akwai mafita. A ƙarshen 2016 wata yarinyar zane mai suna Kizuna AI ta ɓulla a YouTube daga Japan, mutum na bayanta yana magana yana motsi, daga ita sunan VTuber ya bazu. Kamfanoni irin su Hololive da Nijisanji suka mayar da abin babbar sana'a. Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Ironmouse, 'yar Puerto Rico da ciwon raunin garkuwar jiki ya tsare a ɗaki, amma a 2024 ta kafa tarihin yawan masu biyan kuɗin bibiya a Twitch, ba tare da an ga fuskarta ba. Kowa da abin da ya sa ya ɓuya. Mu ma da muka yi tashe da azumi, muka manna gemun auduga muka zaga gidaje, mun san daɗin faɗin magana da fuskar wani. Batun hukuncin zanen abu mai rai kuwa, na kai shi gaban malaminmu kafin in fara, kuma kowa ya kai gaban nasa. Ni ba mai fatawa ba ne.

Ɗalibin nan nawa ya zana Gizo, ya ɗaura masa gaɓoɓi da manhajar Live2D, muka sa shi cikin VTube Studio, wadda ke bin fuska, sannan OBS Studio ta tura shirin kai-tsaye. Wanda ya fi son mutum-mutumi mai kauri yana iya ƙera shi kyauta a VRoid Studio ya motsa shi da VSeeFace. Saura kyamara, don ta jikin tsohon laftof ɗina ta daɗe da mutuwa.

Muka shiga shagunan kayan kwamfuta na wajen Ahmadu Bello Way, idona ya faɗa kan wani kwali da aka rubuta wa 4K ɓaro-ɓaro. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, wannan ko gashin girarka sai an ƙirga." Har na fara tayi, sai ɗalibina ya matso ya rage murya: "Malam, a yi haƙuri, wa zai ƙirga?" Hoton 4K ɗigo sama da miliyan 8 ne, na 720 bai kai miliyan 1 ba. Manhajar bin fuska ba ruwanta da kyan fata; gefen leɓe take nema, da fatar ido, da gira, da karan hanci, kuma 720 ya ishe ta ganinsu. Ƙarin ɗigon nan nauyi ne kawai a kan kwamfutar da tuni take fama da zane da murya da tura shiri. Tamkar ka ɗinka malum-malum ne don ka kwana da ita. Ga shi kuma yawancin masu arha da ke iƙirarin 4K buɗa ƙaramin hoto kawai suke yi ya yi faɗi. Na fito da wata 'yar kwatano mai 720, bayan mun jona ta a laftof nan cikin shagon mun ga abin da take bayarwa da idonmu. Masu neman suna sananne kan tambayi Logitech C270, ko C920 wadda ta fito tun 2012 kuma har yau ana yayinta. Sai dai a kula, abin da ya yi suna shi ake yi wa jabu.

Lambar da ta cancanci a duba ita ce yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa guda. Ƙiftawar ido mai sauri ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da yawa ba. Kyamarar da ke ɗaukar 30 za ta kama ta a hoto uku ko makamancin haka. Wadda ta sauka zuwa 15 za ta iya kama rabinta, sai ka ga idon Gizo ya maƙale a tsakiya. Mai 60 ta fi santsi in kwamfuta za ta ɗauka, amma 30 tsayayye ya wadatar.

Kalmar "tsayayye" ɗin nan ita ce duk rigimar, domin tatsuniya ta dare ce, dare kuwa a unguwarmu ba kullum yake zuwa da wuta ba. Kyamara in haske ya yi mata kaɗan, sai ta riƙa barin idonta a buɗe ya daɗe kafin ta kammala hoto guda. Daga nan yawan hotunan ya ragu, motsi ya dusashe, hoton ya cika da tsaki-tsaki. Kwali ya ce 30, duhu ya mayar da ita 15. A darare na farko Gizo karkarwa ya riƙa yi, bakinsa na buɗewa bayan na gama magana, wani lokaci kansa ya juya baya gaba ɗaya. Yara a sashen sharhi suna ta dariya, sun ɗauka cikin wasan ne.

Mu baƙaƙen fata abin ya fi shafarmu, don fatarmu ba ta mayar da haske da yawa, kuma waɗannan na'urori ba da fuskokinmu aka fara gwada su ba. A 2009 wani bidiyo ya zaga duniya daga Amurka: kyamarar kwamfutar HP mai bin fuska tana bin farar mace, amma ta ƙi bin baƙin abokin aikinta. Kamfanin ya ce manhajar na auna bambancin haske tsakanin idanu da saman kunci da hanci ne, kuma takan rikice in hasken gaba bai isa ba. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin manyan kamfanoni masu tantance mace da namiji daga hoto, suka samu kuskure ya kai kashi 34.7 cikin ɗari kan mata baƙaƙe, alhali kan fararen maza bai wuce 0.8 ba. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma ni dai ban jira a gyara duniya ba, fitila na nema.

Fitilar ma sai an san inda za a ajiye ta. Kwan ɗaki da ke saman kai yana jefa inuwa cikin ramin ido da ƙarƙashin hanci, daidai wuraren da manhaja ke nema. Haske daga gaba ake so, bayan kyamara, ya ɗan ɗara goshi tsawo. Na rufa wa tawa farin yadi don ya tausasa, domin a zafin Maris da Afrilu gumi kan sa goshi ƙyalli har manhaja ta rasa gira. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne farin kaftani da farin bango. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne. In ta ga fari ya yi yawa sai ta rage, fuskarka ta nutse. Yanzu riga mai duhu nake sawa, na rataya labule a bayana, na kuma kashe mata daidaita haske da kanta na tsayar da shi wuri guda. Akwai wani saiti kuma da ake mantawa: wutar Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma kyamarori da yawa da saitin 60 suke zuwa, sai ka ga ratsi na gudu a hoton. Fitilar caji kuwa tana dusashewa a hankali ba ka sani ba, ka fara tatsuniya Gizo na garau, kafin kura ta shigo labari ya fara gyangyaɗi. Ƙaramin kwan sola da ke shan wuta kai-tsaye daga batir shi ya raba ni da wannan, kuma ya raba ni da ƙarar janareta a makirufo, ga tsadar fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Da hunturu sai an riƙa goge gilashin kyamarar, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata aiki.

Hula a ɗaga ta daga kan gira. Tabarau a karkata shi kada fitila ta haska a ciki. Gashin baki in ya rufe leɓe a rage. Wasu mata sun tambaye ni ta saƙo ko hijabi na hanawa. Ba ya hanawa, muddin goshi da haɓa na waje. Mai niƙabi ma tana da hanya, don ana iya sa bakin zanen ya bi sautin murya maimakon leɓe.

Za a ce mini ai waya ta fi, kuma akwai gaskiya. Tun daga iPhone X na 2017, kyamarar gaba tana watsa ɗigon hasken da ido ba ya gani sama da 30,000 a fuska, ta auna tudu da kwari, ta rarrabe motsi iri 52, har kumbura kunci da fito da harshe, kuma duhu bai dame ta sosai ba. Wanda yake da ita ya yi amfani da abinsa. Amma kada malamin makaranta ya ci bashi dominta. Zafi take ɗauka in an daɗe, kuma tatsuniya ba ta buƙatar motsi 52. Mai Android yana iya mayar da wayarsa kyamarar kwamfuta da DroidCam ko Iriun ya gwada tukun bai kashe ko kwabo ba. Kuɗin da ya rage a adana wa data: shiri mai tura megabit 3 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 1.35 a awa, ko da wace kyamara aka yi shi.

Bayan an gyara haske, karkarwa ta tafi, sai wata matsala ta fito wadda ba ta kasuwa ba ce. Gizo ya tsaya cak, ba fara'a, ba zaro ido, baki kawai ke motsi. Na kira ɗalibina na ce har yanzu akwai gyara. Ya buɗe ainihin hoton da kyamara ke gani, muka kalla tare, ya yi shiru na ladabi. Fuskata ce haka. Muryata na tsalle, tana kuka, tana wayo, amma fuskar ta malamin aji ce da aka horar ta gimtse, ta ɗan da aka koya wa cewa namiji ba ya yawan washe baki. Ban san haka 'ya'yana suke ganina ba sai daren nan. Akwai saitin da ke ƙara wa ƙaramin motsi girma, mun ɗaga shi, amma ba ya ƙirƙiro abin da babu. Dole na koyi ɗaga gira, na koyi dariya har haƙora su fito, ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle. Abin ya bi ni har aji, har wata yarinya 'yar aji uku ta tambayi ƙawarta ko an yi wa Malam albishir ne.

Ɓuyan ma bai yi nisa ba, don fuska na rufe, ban rufe murya ba. Mai shayin bakin layinmu ya miƙo mini kofi wata safiya ya ce, "Malam, a gaida Gizo," bai ƙara ko kalma ba. Hajiyarmu da aka kunna mata a waya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ai tatsuniyar Inna ce, amma ka tsallake wurin da aka je rijiya."

Yanzu rigimar da ke gidana ta Ƙoƙi ce. Maiɗakina ta ce ba ta ga dalilin da zan riƙa siranta murya ina yin matar Gizo ba alhali tana zaune. "Baban yara, kai fa ba ka san yadda mace ke yi wa miji gatse ba," in ji ta. Na ce ai kowace fuskar aro da kyamararta, kuma laftof ɗin da ƙyar yake ɗaukar Gizo shi kaɗai. Ta ce zubin adashenta na ƙarshen wata ne, kuma ta riga ta yi magana da ɗalibin nawa ya fara zane.