Zaman lafiyar Kuala Lumpur ba daga sama ya faɗo ba

Yawancin masu zuwa buɗe ido Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452 ke ɗauke musu hankali. Ni kuwa wata gajeriyar tafiyar ƙafa ce ta tsaya mini a rai. Daga Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909, na ratsa ta wurin bautar mabiya Hindu na Sri Mahamariamman, na faɗa kasuwar Sinawa ta titin Petaling. Kowa na sabgar gabansa, ba mai hararar wani.

Baƙo zai zaci haka suka tashi. Alhali a ranar 13 ga Mayu, 1969, bayan zaɓe, jini ya kwarara a birnin nan tsakanin Malayawa da Sinawa. A 1971 gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki don rage tazarar dukiya tsakanin ƙabilu. Har yau Sinawa da Indiyawa na ƙorafin an fifita Malayawa, sai dai galibi ƙorafin a majalisa da jaridu yake ƙarewa.

Mu da muka ga rikici ya raba unguwannin Kaduna da Jos, abin da nake mana fata ke nan.