Igiyar talala ta dala dubu huɗu

Duk wanda ya taɓa kiwon akuya a bakin gari ya san talala. Ana ɗaure dabba da doguwar igiya, ta ci ciyawa iyakar inda igiyar ta kai, da maraice mai ita ya zo ya kwance ta ya kai ta gida. A nan Bahaushe ya samo sunan abin da alƙali yake yi idan ya bar wanda ake tuhuma ya koma gidansa kafin ranar zaman kotu, wato sakin talala. Sunan ya dace ƙwarai, domin yana tuna wa mai shari'a cewa kafin ya saki mutum sai ya dubi ƙarfin igiyar, ya kuma dubi turken da zai ɗaura ta. Labarin da ke tafe na wani alƙali ne da bai dubi ko ɗaya daga cikinsu ba, a kan tuhuma mafi nauyi, tuhumar kisan kai.

A birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka an yi wani mutum mai suna Ira Einhorn, ƙato mai gemu, wanda Allah ya hore wa baki. Ya yi suna wajen adawa da yaƙin Biyetnam da kuma kiran a kare muhalli. A watan Afrilu na 1970 yana kan dandamali ranar da aka yi babban taron kare muhalli na farko a birnin. Malaman jami'a suna zama da shi, shugabannin kamfanoni suna kiransa cin abinci don su ji abin da zai ce game da gobe. Wajen shekara biyar yana zaune da wata budurwa, Holly Maddux, ƴar garin Tyler na jihar Teksas. A 1977 ta gaji da zaman, ta rabu da shi ta koma birnin New York. A watan Satumba ya matsa mata ta zo ta kwashe kayanta. Ta zo, kuma daga ranar ba wanda ya sake ganinta. Da aka tambaye shi, sai ya ce ta fita sayayya ba ta dawo ba.

Iyayenta ba su yarda ba. Suka ɗauki tsofaffin jami'an bincike biyu suka biya su daga aljihunsu. Maƙwabtan da ke zaune a ƙarƙashin ɗakin Einhorn kuwa sun daɗe suna kukan wani wari da ya ƙi ƙarewa. Ranar 28 ga Maris 1979 ƴan sanda suka shiga gidan da takardar izinin bincike, suka buɗe wata ma'ajiya da aka garƙame, suka tarar da babban akwati. Gawar yarinyar tana ciki, an farfasa mata kai. Wata goma sha takwas ke nan yana kwana yana tashi kusa da akwatin.

Ba kasafai ake ba da beli a kan irin wannan tuhuma ba, balle ga wanda aka samu gawa a ɗakinsa. Amma lauyan da ya tsaya masa shi ne Arlen Specter, wanda a da shi ne babban mai shigar da ƙara na birnin, ya san kotun ciki da bai. Ranar da aka zauna kan batun belin, manyan mutane suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, da malamin jami'a, da lauya, da ɗan kasuwa, da limamin coci, kowa yana ba da shaidar cewa bai san Einhorn da mugun hali ba. Aka yanke beli dala dubu 40, kuma bisa tsarin wurin kashi goma cikin ɗari ake ajiyewa, wato dala dubu 4. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. Amma duk da haka kuɗin ba su kai na sabuwar mota mai kyau ba. Shi ma ba shi ya biya ba. Wata attajira ce daga birnin Montireyal na Kanada ta zuba su.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, musamman idan ɗan kasuwa ne, domin ya fi alƙalin nan sanin abin da ake ciki. A kasuwa akwai bambanci tsakanin wanda ya ce «na san shi, mutumin kirki ne» da wanda ya ce «ba shi kayan, ni na lamunce». Na farko ya yi magana ya wuce abinsa. Na biyu ya sa wuyansa: idan baƙon ya gudu da atamfa ko buhunan gyaɗa, ƙofar mai lamuni za a buga, shi zai biya, kuma sunansa ne zai zube a rumfuna. Saboda haka mai masauki ba ya lamunce wa baƙo sai ya san garinsu, ya san ubansa, ya san inda zai same shi. Manyan Filadelfiya shaidar hali suka bayar, ba lamuni ba. Babu ɗaya daga cikinsu da zai rasa gida ko albashi idan mutumin ya ɓace, kuma da ya ɓace ɗin babu wanda aka kama. Attajirar da ta biya kuwa, dala dubu 4 a wurinta kamar a ɗebi ƙoƙo guda ne daga kogi.

Turken ma haka. Einhorn ba shi da aure, ba shi da kanti ko gona, abincinsa a bakinsa yake, kuma baki yana tafiya da mai shi duk inda ya je. Abokai yake da su a ƙasashe da dama, masu kuɗi da masu ɗakin saukar baƙi. Alƙali ya dubi wannan tarin jama'a ya ɗauka su ne za su riƙe shi, alhali su ne hanyar fitarsa. Ga shi kuma abin da ke jiransa a kotu ɗaurin rai da rai ne, shaidar da ke kansa mai nauyi ce. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ya auna dala dubu 4 na wata da sauran kwanakinsa na duniya, ba ya bukatar dogon lissafi.

Ya yi kusan shekara biyu yana yawonsa a gari. A watan Janairu na 1981, ana gab da soma shari'a, aka neme shi aka rasa. A cikin watan ne kuma Specter, wanda ya riga ya bar shari'ar a hannun wani lauya, ya kama aiki a majalisar dattawan Amurka.

Ya fara sauka a Dublin, babban birnin Ailan, inda mai gidan da yake haya, wani malamin jami'a, ya gano ko shi wane ne ya kai rahoto. Amma a lokacin babu yarjejeniyar miƙa masu laifi da ke aiki tsakanin ƙasashen biyu, ba a taɓa shi ba. Attajirar nan ta ci gaba da aika masa kuɗi har zuwa 1988, lokacin da zuciyarta ta juya ta faɗa wa masu bincike cewa yana ƙasar Suwidin. Kafin ƴan sanda su isa ya sake sulalewa. A shekarar ce mahaifin Holly ya kashe kansa. Mahaifiyarta ta rasu a 1990. Allah Sarki, su da suka biya kuɗin gano gawar ƴarsu, ba su ga ranar da aka tsayar da wanda ake zargi gaban masu shari'a ba. Ƴan'uwanta ne suka gaji jiran.

A 1993 kotun Filadelfiya ta gaji, ta yi shari'ar ba tare da shi ba, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ana iya ɗauka an gama ke nan, saura a kama shi. A watan Yuni na 1997 aka kama shi a wani ƙauyen Faransa mai suna Champagne-Mouton, yana zaune a wani tsohon gidan niƙa da matar da ya aura ƴar Suwidin, yana amsa sunan Eugène Mallon. Takardar izinin tuƙin mota da matar ta nema ce ta tona asirinsu. Sai dai hukuncin 1993 ɗin shi ya zame masa garkuwa. A ƙa'idar Faransa, wanda aka yanke wa hukunci a bayan idonsa kan babban laifi yana da haƙƙin a sake masa shari'a idan ya shiga hannu, dokar jihar Fensilbaniya kuwa ba ta tanadi haka ba. A watan Disamba na 1997 kotun Bordo ta ƙi miƙa shi, ya koma gidansa. Amurkawa sun fusata, amma alƙalan Bordo suna kan gaskiya: ba a rufe mutum har mutuwa ba a ji ta bakinsa ba, ko da shi ya zaɓi gudu. Dole majalisar jihar ta yi sabuwar doka a 1998 wadda ta ba shi damar sabuwar shari'a. Kotun ta amince a 1999, firaminista Lionel Jospin ya sa hannu a 2000, lauyoyi suka yi ta ɗaukaka ƙara. A watan Yuli na 2001, da ya ga ƙofa ta ƙarshe ta rufe, ya yanki wuyansa da wuƙa a gaban ƴan jarida. Raunin bai kai ga rai ba, bayan ƴan kwanaki aka sa shi jirgi.

Mai saurin fushi zai ce to a daina sakin talala ga duk wanda ake zargi da kisa. Ba nan maganar ta dosa ba. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma gidajen kaso na Nijar cike suke da mutanen da ba a riga an yi musu shari'a ba, waɗanda da yawansu manoma ne da ƴan tebur masu mata da ƴaƴa, ba su da inda za su, ba su kuma da babban mutum da zai tashi ya yabe su. Su ne masu turke, su ne kuma ake riƙewa. Haka nan igiyar da ke aiki a wani wuri ba lalle ta yi aiki a wani ba. Karɓe fasfo na iya tsayar da mutumin da teku ta raba da mafakarsa, amma mai binciken shari'a da ke zaune a Maraɗi ya san cewa daga ofishinsa zuwa Ɗan Isa ba a cika awa guda a mota, kuma akwai gidaje da yawa da rabin danginsu ke Jibiya ko Katsina. A irin wannan wuri tambayar da ta fi amfani ita ce wa zai yi asara idan mutumin bai dawo ba, kuma asarar za ta yi masa ciwo har ya tashi ya nemo shi?

An sake zaman shari'ar a Filadelfiya a 2002. Wannan karon Einhorn ya tsaya da kansa, ya ce hukumar leƙen asirin Amurka ce ta kashe yarinyar ta ajiye gawar a ɗakinsa don ta ɓata shi. Ranar 17 ga Oktoba masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi, aka ɗaure shi rai da rai, shekara 25 bayan ɓacewar Holly Maddux, wadda ta rasu tana da shekara 30. Shi kuwa ya mutu a gidan kaso na jihar Fensilbaniya ranar 3 ga Afrilu 2020, yana da shekara 79.