Daga Matamaye zuwa kwazazzabon Tamgak

Mutumin Matamaye ya san Azbin tun bai gan ta ba. Ya san ta a kantun gishirin Bilma da dabinon da ayarin Abzinawa suka saba saukowa da su bayan kaka, su koma da hatsi. Sai dai kaɗan ne cikin masu sayen gishirin suka taɓa bin sawun raƙuman har zuwa duwatsun da suka fito.

Matafiyin da ya ɗaura wannan niyya yakan bar garin da asuba, ya ratsa gonakin da gawo ya yi wa rumfa, ya bi ta Takeita ya shiga Damagaram. Daga nan hanya ta miƙe arewa, kimanin kilomita 450 zuwa Agadas. Kafin Tanut gero na rakiyar mota. Bayan Tanut sai gonaki su janye, itatuwa su gajarce, rijiya ta yi wa rijiya nisa. A Adarbisanat direba kan duba bidon ruwa da na esansi, ya sake dubawa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ita ce ke shaida wa baƙo ya iso. Nan ake sauya mota a ɗauki kat-kat, a nemi takardar hanya da jagora ɗan ƙasa, domin Azbin ba ta karɓar wanda ya zo da ka.

Kusan kilomita 300 ke tsakanin Agadas da Iferwan, ƙofar gandun dajin Ayir da Tenere. A gefen garin lambuna ne na alkama da masara da dabino, dabba na jan guga daga safe zuwa hantsi. Gabas da su Tamgak ya tokare sama, tsayinsa ya kusa mita 2,000. Mota takan tsaya a bakin kwazazzabo, sauran tafiya ta ƙafa ce. Bango na dama da na hagu baƙin dutse ne, tsaye kamar an yanka da wuƙa, rana ba ta leƙa ƙasansa sai ta take tsaka. Wanda ya yi magana, dutse ya maido masa da ita. Can ciki, a gindin falalen dutse, ruwa ne kwance, sanyi ƙarara, a ƙasar da ruwan shekara bai cika kai milimita 100 ba. Jagora ba ya barin kowa ya sa sabulu a ciki, don awakin makiyaya da ragon dutse duk nan suke sha.

Gwamnati ta keɓe wannan yanki a watan Janairun 1988. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360, ya ɗara ƙasar Togo. Kusan kashi ɗaya cikin shida an ware shi domin adaks, farin gwankin hamada mai murɗaɗɗun ƙaho. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Shekara ɗaya tak bayan haka, da tawaye ya ɓarke a arewa, ta mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, wuta ta sake tashi daga 2007 zuwa 2009. Ma'aikatan gandun daji sun ja baya, masu farauta da mota sun samu fili.

Abin da ya biyo baya yana nan a fili. Dutse bai motsa ba, amma jiminar da ke yawo a kwaruruwan Azbin ta ƙare a daji, sai wadda ake kiwo cikin shinge, kamar a Kelle ta ƙasar Gure. Adaks ya ƙaurace wa wurin da aka ware da sunansa. A Iwelen, mutanen da suka shuɗe shekaru dubbai sun zana raƙumin dawa a jikin duwatsu, shaida ce cewa nan ma an taɓa yin ciyawa da gulbi. Zanen jimina na neman zama irin wannan shaida.

Da wannan tunani matafiyi ke juyowa kudu. Idan ya wuce Kance ya hango gawon Matamaye, sai ya kalle shi da wani ido. Bayan farin 1984 gonakin nan sun kusa zama fako. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa, suka yi masa sassabe, suka tsare shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Azbin ta samu doka da hatimin duniya, ta rasa masu tsaro a lokacin da take bukatarsu. Gawo bai samu hatimi ba, ya samu mai gona.

Ma'aikacin da aka tura arewa, da ɗan kasuwar da ake yi wa tayin naman barewa ko gawayi a bakin hanya, kowannensu na da hannu a abin da zai saura a Tamgak.