Kawuna Ɗan Dokar En'e

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan doka ne na En'e ta Gwandu, kuma a Kalgo ya yi mafi yawan aikinsa. Bai taɓa rataya bindiga ba. Kayan aikinsa kulki ne da usur, sai ankwa guda wadda ta fi daɗewa a jikin ƙusa bisa ga hannun mutum. Da asuba matarsa ke hura gawayin dutsen guga, domin gajeren wandon nan sai ya tsaya cak kafin ya yarda ya sa shi. Mu yara mukan yi rububin goge masa ɗamara, wanda ya yi sa'a ya samu kwabo.

Wanda bai riski zamanin ba zai zaci 'yan sanda iri ɗaya ne tun fil'azal. A wancan lokaci biyu ne. Akwai 'Yan Sandan Nijeriya, waɗanda Turawa suka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama runduna guda a 1930. Su a bariki suke, da Sabon Gari, da tashoshin jirgin ƙasa, har talaka a Lardin Sakkwato ya iya cinye shekara bai haɗa ido da ɗayansu ba. Sannan akwai 'yan doka, waɗanda kowace En'e take da nata: Sakkwato da nata, Gwandu da nata, haka Argungu da Yawuri. Daga dogarai aka tsiro da su a shekarun 1920, aka bar wa dogarai fada da rakiyar sarki, aka ɗinka wa sababbin kaki, aka koya musu fareti. Albashinsu daga baitulmali yake fitowa, wato daga harajin da iyayenmu suka biya da jangalin da Fulani suka ba da. Shugabansu yana Birnin Kebbi, ƙarƙashinsa akwai samanja da saje da kofur, sannan a rarraba ƙananan biyu-biyu ko uku-uku zuwa wurin hakimai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina da na girma shi ne irin mutanen da ake ɗora wa shugabancin. Da farko mutane raina aikin suke yi, saboda dogarai galibi bayin sarki ne ko 'ya'yansu, ɗan mutunci kuwa ba ya son a ce ya bi sahunsu. Sai aka ɓullo da dabarar ɗora ɗan sarki a kai. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokar Katsina kafin ya gaji mahaifinsa Dikko a 1944. Abubakar na Uku, yana Sardauna, shi ke kula da 'yan dokar Sakkwato kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1938. Ado Bayero ya yi Wakilin Doka a Kano, daga nan ya tafi jakadanci Senegal, aka kira shi aka naɗa shi sarki a 1963. Kujerar ta zama makarantar sarauta. Wanda yake sa ran gobe zai mulki mutanen nan yakan yi tunani kafin ya bar yaransa su wulaƙanta su, ko da ba don tsoron Allah ba, don gudun abin da za a faɗa a kansa ranar zaɓen sarki.

Mu a Kalgo abin ya fi haka kusa. Hakiminmu Sarkin Gobir ake ce masa, kuma daga wannan kujera Alhaji Haruna ya tashi ya zama Sarkin Gwandu a 1954, bayan rasuwar Sir Yahaya. Wanda ke can ƙololuwa, wanda shugaban 'yan doka yake faɗuwa ya gaida, ya san dagatanmu da sunayensu, ya san gidan da ake rigimar gona tun kaka da kakanni. Daga Kalgo zuwa fadarsa kuwa tafiya ce da mai keke zai yi ya dawo kafin azahar.

Shi ya sa mutum biyu da kulki suke isar gunduma guda. Ba su kaɗai suke aikin ba. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Sarkin pawa ya san saniyar da aka yanka da wanda ya kawo ta. Dillalai sun san wanda ya zo da jaki yana neman a saya da gaggawa. In aka kwance wa mutum sa a bakin fadama, kawu ba ya ɓata ƙafa yana bin daji. Sai ya aika wa dillalan Jega da na Bunza kamannin san, da tsagar kunnensa da lanƙwasar ƙahonsa, ya koma ya zauna ƙofar hakimi yana cin goro. Sau da yawa san yakan dawo, wani lokaci har da mai jan igiyar. In kuwa yaro ya kama yana ɓarna a kasuwa, tambayarsa ɗaya ce, da harshenmu na yamma: "Kai, ɗan wa na?" Da yaron ya ambaci uba, shari'a ta ƙare, saura abin da zai tarar a gida. Ni kaina na fi tsoron wannan tambaya da kulkin.

Shi ma ɗan dokan ai ɗan wani ne. In ya karɓi abin da bai kamata ba, ko ya ɗaga wa dattijo murya, ba a rubuta takardar koke. Tsohuwa ce za ta yafa zane ta je wurin kakata ta ce, "Yaya, ki ja wa ɗanki kunne." Na sha ganin kawu, da kakinsa da komai, durƙushe a ƙofar ɗakinta yana cewa, "Ki yi haƙuri, Inna, ba a ƙarawa."

To amma wanda ya ce zamanin duk zuma ne, bai tambayi ɗan NEPU ba. Tun da aka kafa jam'iyyar a Kano a 1950, har zuwa zaɓen 1964, magoya bayan Malam Aminu Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka a faɗin Arewa. En'e ke ba da izinin lacca, ita ke hanawa. Ɗan dokarta ke kamu, alƙalinta ke yanke hukunci, gidan yarinta ke tsarewa, shugabanninta kuma kusan duk 'yan jam'iyya mai mulki ne, NPC. Mutum zai yi magana a dandali, gobe a ce ya zagi sarki, jibi yana sharar titi da kayan fursuna. Talakan da haraji ya gagare shi ma ya san zafin ranar ƙofar hakimi. Kusancin nan da nake yabo, shi ne ya toshe wa irin waɗannan mutane hanya, domin duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa, mai gidan ɗaya ne. Na taɓa tambayar kawu wannan batu bayan ya tsufa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, mu aike mu a kai."

Da sojoji suka karɓi mulki a Janairun 1966, Janar Ironsi ya kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba batun 'yan sanda da gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su duka a hannun tarayya, gwamnatin Gowon ta karɓa. A 1967 aka yanka jihohi goma sha biyu, muka faɗa Jihar Arewa Maso Yamma, sannan aka shiga tace 'yan doka, zamanin da Kam Selem yake Sufeto Janar. Masu ɗan boko da sauran ƙarfi aka tura su Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, suka fito da sabon kaki, aka watsa su inda ba su san kowa ba. Irin su kawu, da ajami kaɗai suke rubutu, aka sallame su. Ya koma gonarsa ta shinkafa, amma har ya rasu, in abu ya ɓace a unguwa, ƙofarsa ake fara zuwa.

Yau tsanin ya yi tsawo. DPO na Kalgo yana ƙarƙashin kwamishina a Birnin Kebbi, kwamishina yana ƙarƙashin mataimakin Sufeto Janar na Shiyya ta 10 a Sakkwato, shi kuma yana sauraron Abuja. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da wannan, na 215 kuma ya ba kwamishina damar cewa sai an ji daga sama kafin ya bi umarnin gwamna. Ba na ganin laifin jami'an. Mutum ne za a kawo daga nesa, kafin ya rarrabe hanyar Bunza da ta Jega, ya san wane ne ardo wane ne dillali, takardar canjin wuri ta iso. Giɓin da aka bari shi 'yan banga da 'yan sa-kai suke cikewa, ba albashi, ba horo. A Nuwamban 2024, da Lakurawa suka kore shanu a Mera ta ƙasar Augie, mutanen gari ne suka bi sawu da abin da ke hannunsu, aka kuma yi asarar rayuka.

Tun da Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a Fabrairun 2024 a duba batun 'yan sandan jihohi, muhawarar ba ta mutu ba a majalisarmu ta bayan la'asar. Ni ina goyon baya, da sharaɗin a ɗauki 'yan ƙasa, a bar su inda aka san iyayensu, a kuma dawo da masu unguwa cikin aikin da albashi mai kyau. Wani abokina, wanda mahaifinsa ya sha ɗauri saboda NEPU, ba ya ko son jin zancen. Ya ce a da sarki ne, ana jin kunyarsa yana jin kunyar mutane, aka yi abin da aka yi, balle gwamna mai neman tazarce. Sai na kawo masa zancen hukumar da za ta naɗa kwamishina, wadda gwamna ba zai iya rushewa ba. Ya ce in fara nuna masa jihar da hukumar zaɓenta ta taɓa bari jam'iyyar gwamna ta faɗi a ƙananan hukumomi, sannan mu ci gaba da magana.